Bidiyo a Ajin Kemistiri: Abin da Ya Faru a Makarantar Woodland Park

Woodland Park ƙaramin gari ne a kan tsaunukan jihar Kolorado ta Amurka, kusa da dutsen Pikes Peak, yamma da birnin Colorado Springs. Ɗaliban makarantar sakandaren garin ba su kai dubu ɗaya ba a lokacin da wannan al'amari ya faru. A shekarar 2006 ne malamai biyu, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, suka kama aiki a makarantar, kuma su biyun ne ke riƙe da darasin kemistiri, wato kimiyyar sinadarai. Da yake ra'ayinsu kan koyarwa ya zo ɗaya, sai suka riƙa raba aiki: wannan ya shirya gwajin ɗakin kimiyya na wannan mako, wancan ya shirya na gaba, haka ma jarrabawa.

Ba a jima ba suka lura da wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ɗalibai da yawa suna rasa darasi, kuma ba don fashi ko lalaci ba. Yara ne 'yan wasanni da masu shiga gasa iri-iri, ga shi makarantun da za su kara da su suna da nisa. Kafin a tashi makaranta an kwashe su a bas, sun kama hanya. Kemistiri kuwa darasi ne da ake ɗora yau a kan jiya. Wanda bai san yadda ake rubuta alamar sinadari ba, ba zai iya daidaita lissafin haɗuwar sinadarai ba, wanda kuma bai iya wannan ba, duk abin da ya biyo baya duhu ne a wurinsa. Saboda haka kullum malaman nan suna cikin maimaita darasi ga waɗanda ba su zo ba, a lokacin hutun cin abinci, ko kafin a shiga aji, ko bayan an tashi.

Matakin farko

Wata rana Sams ya ci karo da labari a wata mujallar fasaha kan manhajar da ke naɗar shafukan PowerPoint tare da muryar mai magana da duk abin da ya rubuta a kansu, ta mayar da su bidiyo. Ya nuna wa abokin aikinsa. A farkon rabin shekarar 2007 suka fara naɗar darasin da suke bayarwa a aji, suna ɗorawa a intanet. A tuna cewa a lokacin YouTube shekararsa biyu ke nan da kafuwa, kuma ba ya karɓar bidiyon da ya haura minti 10 daga yawancin masu amfani da shi. Kallon darasi a intanet bai zama ruwan dare ba tukuna.

Su da kansu sun faɗa cewa da farko sauƙin kansu suka nema. Sun gaji da maimaitawa. Ɗalibi ya zo ya ce me aka yi jiya, sai a ce masa ya je ya kalli bidiyon, in akwai abin da bai gane ba ya dawo da tambaya. Amma sai abin ya zarce inda suka nufa. Waɗanda suka halarci darasin ma suka fara komawa suna sake kallo, musamman idan jarrabawa ta matso. Can kuma sai ga saƙonni daga malamai da ɗalibai na wasu wurare da suka yi kiciɓis da bidiyoyin suna amfana da su.

Har zuwa nan, ajin bai canza ba. Malami yana tsaye a gaba yana magana, yara suna zaune suna kwafa, bambancin kawai shi ne akwai na'ura tana naɗa. Da a nan suka tsaya, da babu wanda zai tuna da su yau.

Tambayar da ta sauya komai

Sams ne ya kawo tunanin da ya juya lamarin. Ya lura cewa lokacin da ɗalibi ya fi bukatar malami a kusa da shi ba lokacin da ake zuba bayani ba ne. Bayani kowa zai iya saurara shi kaɗai. Lokacin bukata shi ne sa'ad da yaro ya zauna zai yi aikin da hannunsa, ya cije a tsakiya. A tsarin da aka saba kuwa, wannan cijewar a gida take faruwa, da dare, inda babu malami, kuma sau tari iyaye ba su san kan darasin ba.

A ɗauki misali ɗaya daga darasinsu. An ba ɗalibi ya daidaita lissafin haɗuwar haidirojin da iskar oksijin su ba da ruwa: H2 + O2 → H2O. Ya ƙirga, ya ga oksijin biyu ne a hagu, ɗaya a dama. Abin da hankali ke fara rayawa shi ne a ƙara ƙaramin 2 a gindin O na dama, a samu H2O2. Lissafi ya daidaita a ido, amma abin da ya rubuta ba ruwa ba ne kuma, wani sinadari ne dabam wanda ake wanke ciwo da shi. Amsar gaskiya ita ce a sa lamba a gaban sinadarin, ba a gindinsa ba: 2H2 + O2 → 2H2O. Malamin da ke tsaye a bayan yaron zai ga hannunsa ya nufi gindin harafin, ya tare shi da tambaya guda, cikin daƙiƙa talatin an wuce wurin. Amma idan a gida ne, yaron zai yi tambayoyi ashirin duk da wannan kuskuren, ya kwana yana ganin ya iya, kuma gobe sai an sha wahala kafin a cire masa abin da ya riga ya zauna.

Sai suka ce, to me zai hana a mayar da bayanin gida, a dawo da aikin gida cikin aji? A shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008 suka ɗauki alƙawarin naɗar dukkan darussansu na kemistiri tun kafin ranar aji. Wannan shi ne abin da daga baya ya yi suna da juyayyen aji. Ba su ne suka ƙirƙiro tunanin ba, kuma ba su taɓa cewa su ne ba. Tun farkon shekarun 1990 Eric Mazur, malamin fiziks a jami'ar Harvard, yake sa ɗalibansa su yi karatu kafin su zo, a yi amfani da lokacin aji wajen muhawara kan tambayoyi. A shekarar 2000 wasu malaman tattalin arziki na jami'ar Miami da ke jihar Ohio suka wallafa bayanin irin wannan tsari. Salman Khan, Ba'amurken da ya kafa dandalin karatu na Khan Academy, shi ma ya fara ɗora gajerun darussan lissafi a YouTube a 2006. Abin da ya bambanta na Woodland Park shi ne malaman sakandare ne na gwamnati, da ɗalibai na yau da kullum, da kayan aikin da kowane malami zai iya mallaka.

Yadda suke haɗa bidiyon

Kayan ba su da yawa: kwamfuta, makirfo, ƙaramar kyamarar da ake liƙawa a kan kwamfuta, da wani ɗan allo mai alƙalami da ake rubutu a kansa ya fito a sikirin. Manhajar da suka fi dogara da ita ita ce Camtasia, wadda ke naɗar duk abin da ke faruwa a fuskar kwamfuta. Alƙalamin nan ya fi komai muhimmanci a darasi irin nasu. Ɗalibi yana ganin lissafi yana fitowa layi bayan layi, yana jin muryar malaminsa tana cewa ga dalilin da ya sa aka sauko da wannan, ga abin da ya sa aka soke wancan. Shafin da aka riga aka cika da amsa ba ya nuna wa yaro yadda aka yi tunani, sakamakon tunanin kawai yake nuna masa.

Sun koyi abubuwa da dama a hanya. Bidiyoyin farko dogaye ne, domin darasin aji ne sukutum aka naɗa. Daga baya suka koma batu ɗaya, bidiyo ɗaya, kuma suna ƙoƙarin kada ya kai minti 15. Sun gano cewa murya ɗaya tana gundura, sai suka riƙa zama su biyu kamar masu gabatar da shirin rediyo: ɗaya ya zama masani, ɗaya ya zama ɗalibin da ke katse shi yana tambayar abin da yara suka saba tambaya. A ganina wannan dabara ce mai zurfi fiye da yadda take a ido. Yaron da ke jin kunyar tambaya a gaban 'yan ajinsu zai ji babban mutum, malami guda, ya yi tambayar da ke cikinsa ba tare da an yi masa dariya ba.

Ba su kuma ɓata lokaci wajen neman kamala ba. Idan harshe ya sarƙe, a gyara magana a ci gaba, kamar yadda ake yi a aji. Tunaninsu shi ne bidiyon da ya samu ranar da ake bukatarsa ya fi wanda ake ta gogewa har darasin ya wuce.

Akwai bincike da ya zo daga baya ya goyi bayan yawancin waɗannan. A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa biyu suka duba kallon bidiyo sau miliyan 6.9 a kwasa-kwasai huɗu na edX, wani dandalin karatu ta intanet. Sun samu cewa komai tsawon bidiyo, matsakaicin lokacin da mai kallo ke ɗauka a kansa ba ya wuce kimanin minti 6. Sun kuma samu cewa bidiyon da aka yi a sauƙaƙe, malami na magana kamar da mutum ɗaya yake, ya fi riƙe mai kallo a kan wanda aka kashe kuɗi aka ɗauka a babban sutudiyo. Rubutun hannu da ke fitowa a hankali ya fi shafukan da aka tsara. Darasin aji da aka naɗa aka daddatsa shi ma bai kai wanda aka shirya musamman domin bidiyo ba. Sai dai a lura, tsawon kallo suka auna, ba yawan abin da aka koya ba, kuma masu karatu ta intanet ne, ba yaran sakandare ba.

Waɗanda ba su da intanet, da waɗanda ba su kalla ba

A 2007 ba kowane gida ne a yankin ke da intanet mai ƙarfi ba, kuma malaman sun san idan ba su magance wannan ba, tsarin zai zama na 'ya'yan masu hali kawai. Mai kwamfuta amma ba intanet, sai a zuba masa bidiyoyin a filash. Wanda ba shi da kwamfutar ma, sai a buga masa a faifan DVD ya kalla a talabijin. Aiki ne mai cin lokaci, amma sun yi shi, kuma ina ganin duk wanda zai ba da labarinsu ya tsallake wannan ɓangare bai yi musu adalci ba.

Wani abin da ba su zata ba shi ne yara ba su iya kallon bidiyon karatu ba. Sun iya kallon na nishaɗi, wanda ake bari ya yi ta tafiya. Dole malaman suka ware lokaci a farkon shekara suna koya musu: a kashe waya, a cire abin jin waƙa daga kunne, a tsayar da bidiyo a rubuta, a tariyo baya idan magana ta wuce. Suka koya musu tsarin rubuta bayani na Cornell, inda ake raba shafi, gefe guda na bayani, gefe guda na tambayoyi, ƙasa kuma na taƙaitawa. Sannan suka shar'anta cewa kowane ɗalibi ya zo aji da tambaya a kan abin da ya kalla. Da wannan tambayar malami ke gane wanda ya kalla da wanda bai kalla ba, kuma idan yara da yawa suka zo da tambaya iri ɗaya, ya san bidiyon ne ke da gyara.

Wanda bai kalla ba fa? Ba a sake masa darasi a allo. Ya je can ƙarshen ajin ya zauna a gaban kwamfuta ya kalla, alhali 'yan uwansa suna aiki da malami. Da a ce malaman sun riƙa tausayawa suna maimaita bayanin, da sun koya wa masu kallon cewa wahalar banza suke yi, kuma cikin mako biyu kowa zai daina.

Cikin ajin

Darasinsu na awa ɗaya da rabi ne da 'yan mintoci, ana yi ana tsallake rana. A da, minti 5 na shiga ne, minti 20 na bitar aikin gida, minti 30 zuwa 45 na sabon bayani, abin da ya rage, wato minti 20 zuwa 35, shi ne na aiki da gwaji. Bayan juyawar, minti 5 na shiga, minti 10 na amsa tambayoyin bidiyo, sai minti 75 cur na aiki da hannu da gwaje-gwaje.

A nan gizo ke saƙar. Idan aka ce bidiyo ya jawo hankalin ɗalibai a Woodland Park, sai mutum ya zaci yara sun zuba wa sikirin ido cikin sha'awa. Abin da ya faru ya fi haka. Bidiyon ya ɗauke wa malami tsayuwa a gaban allo, ya sake shi ya shiga tsakanin kujeru. Malaman sun ce a karon farko suka samu damar yin magana da kowane ɗalibi a kowace rana. Kuma waɗanda suka fi samun lokacinsu sun canza. A tsohon tsari, yara masu ƙoƙari da ke ɗaga hannu su ne ke cin moriyar malami, sauran suna lafewa a baya. A sabon tsari, malami ya fi daɗewa a kan wanda ya cije. Matsalar surutu ma ta ragu, domin yaron da ya saba tayar da fitina lokacin da malami ke bayani ya rasa 'yan kallo, kowa yana kan aikinsa. Wasu iyaye kuma suka fara kallon bidiyoyin tare da 'ya'yansu, suka san abin da ake koyarwa.

Kallon mai iyo daga bakin kogi ba ya koya wa mutum iyo. Minti 75 ɗin nan su ne shiga ruwan.

Sakamako, da inda ya gaza

Sun ba ɗaliban jarrabawa iri ɗaya da ta shekarar da ta gabata, suka ga alamar an samu ci gaba. Ba bincike ne na ƙa'ida ba, kwatancen malamai ne a ajinsu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ba su gamsu ba. Da suka riƙa zama da yaran suna hira, sai suka gano wasu sun ci jarrabawa amma ba su riƙe tushen darasin ba. Dalili kuwa shi ne har yanzu kalanda ce ke jan ajin: kowa ya kalli bidiyo kaza daren Talata, kowa ya yi gwaji kaza ranar Laraba, ko ya shirya ko bai shirya ba.

Wata baƙuwar ɗaliba ce ta buɗe musu ido. Ta zo daga wata ƙasa a tsakiyar shekara, ba ta taɓa yin kemistiri ba. A da, sai dai a ba ta haƙuri. Yanzu da akwai bidiyoyin shekara guda a ajiye, sai aka bar ta ta fara daga babi na farko, tana tafiya daidai ƙarfinta. Malaman suka ce, in ita za ta iya, me ya sa sauran ba za su iya ba? Daga nan suka koma tsarin da ɗalibi ba ya wuce babi sai ya nuna ya ƙware a kansa, tunanin da masanin harkar ilimi Benjamin Bloom ya yi bayaninsa tun 1968 amma ya yi wa malamai wuyar aiwatarwa, saboda mutum ɗaya ba zai iya ba da darasi biyar a lokaci guda ba. Bidiyo ya warware wannan. Suka sa maki 75 cikin 100 a matsayin sharaɗin wucewa, suka yi amfani da manhajar Moodle wajen fitar wa kowane ɗalibi jarrabawa dabam daga rumbun tambayoyi, wanda bai kai ba ya koma ya gyara ya sake. A 2012 suka wallafa littafi kan abin da suka yi, kuma daga nan tsarin ya bazu a ƙasashe da dama.

Ya kamata a ajiye wani bincike kusa da wannan labari, don kada daɗinsa ya rufe ido. A makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka ta West Point an yi gwaji da ɗalibai sama da 1,300, aka raba azuzuwa ta hanyar ƙuri'a, wasu aka juya musu 'yan darussa, wasu aka bar su a tsohon tsari. Sakamakon da Elizabeth Setren da abokan aikinta suka wallafa a 2021 ya nuna an samu ƙarin maki na ɗan lokaci a lissafi, ba a samu komai ba a tattalin arziki, kuma kafin jarrabawar ƙarshe ribar ta ɓace. Abin da ya fi damuna a ciki shi ne ɗaliban da dama can suke gaba su ne suka fi amfana, tazarar da ke tsakaninsu da na baya ta ƙaru. Gwajin gajere ne, ba irin na Woodland Park da aka shafe shekaru ana gyarawa ba, amma gargaɗinsa a fili yake. Yaron da ke da natsuwa da wurin karatu zai kalli bidiyo ya zo a shirye. Wanda ba shi da su zai zo hannu rabbana, kuma idan malami bai neme shi da gangan ba, sabon tsarin zai fi tsohon cutar da shi. Faifan DVD, da koyar da yadda ake kallo, da tambayar da ake karɓa kowace safiya, da zagayen malami kujera-kujera, duk an yi su ne domin wannan yaron.

A yau wayar da ke aljihun malami tana naɗar sikirin da murya ba tare da an sayi komai ba, PowerPoint ma yana da wurin naɗa a cikinsa. Abin da ya ci wa Bergmann da Sams dogon lokaci, yanzu aikin 'yan mintoci ne. Wahalar da ba ta ragu ba ita ce ta shirya abin da yara talatin za su yi na sama da awa guda, kowa a matakinsa, da ƙarfin tsayuwa a kansu har a tashi. A shekarun baya na aikinsu a makarantar, malaman biyu sun daina tilasta kallon bidiyon ma. Sun ga wasu ɗalibai sun fi ganewa daga littafin karatu, wasu daga wani shafi na intanet, sai suka ba kowa jerin abin da ake so ya iya, suka bar shi ya zaɓi hanyarsa. Wajen nuna fahimta ma suka buɗe ƙofa: wani ya rubuta jarrabawa, wani ya zauna ya yi wa malami bayani baki da baki, wani kuma ya haɗa nasa bidiyon yana koyar da batun.